Baƙon Kifi A Tukunyar Sabo

Duk wanda ya ce Bahaushe bai san kifi ba, to, bai taɓa zama da Bakabe ko Basarke ba, bai kuma taɓa tsayawa a bakin gulbin Yawuri da sassafe sa'ad da masunta ke janyo taru ba. Mutanenmu na bakin ruwa ba su cewa "kifi" kawai su yi shiru. Kowanne da sunansa, da halinsa, da miyar da ta dace da shi. Akwai giwan ruwa da ragon ruwa, akwai tarwaɗa da ramboshi, da karfasa da kurungu, da bargi, da tsage mai haƙora, da minjirya wadda ke girgiza hannun duk wanda ya taɓa ta, da gaiwa wadda ke shigewa cikin laka ta kwana rani har ruwa ya sauka. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, in ka ɗora mata gutsuren banda a tafin hannu, sai ta sansana ta gaya maka ko wane kifi ne, wani sa'in ma har da ruwan da ya fito.

Amma fa duk wannan sani a bakin gulbi ya tsaya. Da an gangaro kan teku sai harshenmu ya ƙafe. Dubban ire-iren kifayen ruwan gishiri, mu da suna ɗaya muke kiransu, watau kifin teku, in an daskarar da shi kuwa mu ce kifin ƙanƙara. Ga shi kuwa yau, musamman gare mu mazauna Kurmi, shi ne ke shiga tukunya kusan kullum. Ke nan muna cin abin da ba mu san sunansa ba, ba mu san gidansa ba, balle mu san abin da yake so da abin da yake ƙi a kan wuta. Wannan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni haifaffen Sabo ne, unguwar Hausawa ta birnin Badun, wadda aka keɓe wa mutanenmu a 1916. Kafin nan jirgin ƙasa ya riga ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kuma dangana da Kano a 1911, saboda haka garin ya zama zango tsakanin Arewa da bakin teku. Haja biyu ne suka kafa Sabo: shanu su gangaro, goro ya hau. Wani malami daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma buga littafi a kanta a 1969, inda ya nuna cewa da yake saniya na ramewa, goro kuma na lalacewa in an yi jinkiri, babban jarin Sabo shi ne amana, watau falke ya sauka wurin maigidansa, ya damƙa masa dukiya, ya kwanta barci hankali kwance. To, akwai haja ta uku wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce banda. Daga Baga ta bakin Tafkin Chadi take zuwa, da Yawuri, cikin kwanduna da buhuna, in an sauke ta warin hayaƙinta ya cika zaure.

Kakata ta wajen uwa 'yar Yawuri ce, ita ce alƙalin kifi a gidanmu. Takan ɓare banda ta jiƙa ta cikin ruwan zafi da gishiri don ƙasa da ƙwari su fita, ta zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta jefa cikin miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa wadda ta sha daddawa. In kuwa ɗanye ake so, to, ga matan Yarbawa masu tallar kifi, waɗanda ake kira Iya Eleja, suna kawo karfasa da tarwaɗa daga madatsar Eleyele, wadda aka gina a 1942, suna motsi a cikin daro. Duka biyun kifin ruwan daɗi ne, duka biyun kuma ta san su kamar yunwar cikinta.

Ana nan a cikin shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya cika gari, sai ga kifin ƙanƙara cikin kwalaye ya mamaye Dugbe da Mokola da sauran kasuwannin Badun. Yarbawa, da yake ba su rasa bakin magana, sai suka laƙaba masa suna "oku Eko", watau gawar Ikko. Tsofaffinmu kuwa suka ɗaure fuska. Na tuna ran da aka fara kawo shi gidanmu, kakata ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta dube ni ta ce, "Kai, angon nawa, kifin da ba wanda ya san gulbinsa, ba wanda ya san ranar mutuwarsa, shi za ka ciyar da ni?" Har ta kai dattawan unguwa suka tambayi malamai, malamai suka warware musu cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne, ba ya bukatar yanka, ko da an same shi matacce. Ashe ba shari'a ce ta hana ba, ƙyamar baƙon abu ce.

Ƙyamar nan kuwa ba wa'azi ne ya kawar da ita ba, aljihu ne. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya sa Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ja da baya har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Daga baya fitinar Boko Haram, musamman harin da aka kai Baga a watan Janairu na 2015, ta gurgunta fataucin banda shekara da shekaru. Banda ta yi tsada, kifin kwali ya yi sauƙi, ta haka gawar Ikko ta zama 'yar gida. Yanzu yaran Sabo sun san taitus da kote da shawa da panla, sunayen aro duka, amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka cewa yawancin taitus ɗin nan daga tekun sanyi na arewacin Turai yake fitowa, wajen su Norwe, ya yi tafiyar dubban mil kafin ya faɗa cikin manja.

To, amma kifin teku ba duka ya taru ya zama ɗaya ba. Akwai wani dangi dabam, wanda ba ya yawo garke-garke a tsakiyar ruwa kamar su taitus, sai dai ya zauna wuri ɗaya a gindin duwatsu, cikin ruwa mai ɗumi. Wani baffana da ke fatauci a Agege shi ya fara gabatar mana da shi. Ya zo da shi daga Ikko cikin daro, an binne shi da ƙanƙara amma bai daskare ba, ja wur, da manyan idanu da tsinin ƙayoyi a gadon baya, masu Turanci na kiransa sinafa. Kakata ta buɗa murfin da ke gefen kansa ta leƙa, ta danna tsokarsa da ɗan yatsa ta ga ta dawo daidai, ta sansana, sa'an nan ta ce, "Wannan kam jiya yana raye." Ta sa aka hura gawayi, ta gasa shi da kanta. Da aka ɓare, sai ga tsoka fara fat, tana rabuwa falle-falle, babu warin laka irin na tarwaɗa, babu maiƙon taitus, babu kuma ƙananan ƙayoyin da ke sa uwa ta tsare yaro da ido. Nan take ta raɗa masa suna jan baƙo, da wannan suna muke kiransa a gidanmu har gobe.

Gidan irin wannan kifi na asali shi ne duwatsun murjani. Mai karatu ya san murjani a wuyan amare, to, danginsa ne. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne na cikin ruwa, kowacce na gina wa kanta ɗaki da farar ƙasa, in ta mutu wata ta ɗora nata a kai, a yi ta haka shekara dubbai har ya zama tsauni a ƙarƙashin teku, mai koguna da lunguna kamar tsohon birni. Masana sun ce duwatsun nan ba su rufe ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a jikinsu suke samun mafaka. Sai dai murjani na da sharuɗɗa: ruwa mai ɗumi, garau, mai gishiri, marar zurfi yadda rana za ta ratsa shi. Gaɓar tekun Nijeriya kuwa Kwara da sauran gulabe na kwarara mata ruwan daɗi da laka dare da rana, shi ya sa ba mu da manyan duwatsun murjani. Jan baƙon da ke zuwa kasuwannin Ikko da Epe a gindin duwatsu na sosai da bakin gulabe ake kama shi, amma 'yan uwansa na can cike da tekuna masu murjani.

Ban ga wannan dangi a cikin gidansa ba sai shekarar da na sauke farali. Bayan mun gama aikin Hajji, wani Bahaushen Jidda, jikan alhazan nan da suka bi ta ƙasa suka ratsa Sudan suka haye ruwa, ya kai ni babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala, a bakin Bahar Maliya. Gani ya kori ji. Bahar Maliya ba wani babban gulbi da ke zuba mata laka, saboda haka murjani ya sami wurin sakewa, kifayenta sun haura iri dubu. Ga najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wanda ke cikin mafiya tsada. Ga hamur mai ƙaton baki da kauri kamar ragon ruwa. Ga sha'ur mai tsinin fuska. Ga harid, kore da shuɗi kamar an rina shi a Ƙofar Mata, haƙoransa sun haɗe sun zama kamar bakin aku. Abin da ya fi burge ni shi ne, ɗan yaron da ke kankare ɓawo a kasuwar nan ya san kowanne da sunansa, daidai yadda yaron Argungu ya san giwan ruwa. Har ma suna da irin tasu Argungun: a tsibiran Farasan da ke kudancin Bahar Maliya, kowace shekara wajen watan Afrilu harid kan taru a ruwa marar zurfi, jama'a su afka masa gaba ɗaya, kamar yadda ake afka wa Matan Fada tun 1934.

A gidan wannan bawan Allah na ci abincin da suke kira sayadiya. Ana soya albasa har ta yi duhu amma kada ta ƙone, a dafa kan kifi da ƙashinsa a tace romon, a dafa shinkafa cikin romon da albasar, sa'an nan a jera soyayyen kifi a kai. A gefe kuma ga miyar tsamiya, abin da mu muka taƙaita ga kunu. Na ce masa, "Alhaji, ashe tsamiyar gidanmu ce ke wannan aiki?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, kifin teku ba ya son a binne shi da kayan yaji, ɗan tsami da gishiri ya ishe shi."

Wannan magana tasa ita ce ginshiƙin girkin irin wannan kifi, ina kuma roƙon iyayenmu mata da masu tukuba su saurara. Girki daga kasuwa yake farawa. A duba ido, ya kasance garau, a cike, bai faɗa ciki ba. A ɗaga murfin gefen kai, cikinsa ya kasance ja, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. A danna tsoka, in yatsa ya bar rami a ajiye shi. Ɓawonsa ya kasance a manne, warinsa kuwa na ruwan gishiri, ba ƙarni mai hawa kai ba. In an kawo gida a kankare, a fid da kayan ciki sarai, a wanke da lemon tsami da gishiri, a tsaga shi sau uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi. A daka citta da tafarnuwa da masoro da ɗan attarugu, a kwaɓa da man gyaɗa, a cusa cikin tsagar, a bar shi kamar rabin sa'a.

Sabo ta yi suna wajen tsire da balangu, amma hannun da ya saba da naman sa tilas ya sassauta a nan. Garwashi ake so wanda harshensa ya mutu, a shafa wa ƙarfen gashi mai, a ɗora kifin a ƙyale shi, juyi ɗaya tak. Ƙa'idar ita ce wajen minti goma ga kowane inci ɗaya na kaurinsa. Da tsoka ta yi fari ta saki ƙashi, to, ya nuna, ƙarin minti biyar kuwa ya mai da shi kamar auduga. Yajin ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa, yana kuma danne ɗanɗanon, saboda haka a barbaɗa shi bayan an sauke. Hamur ya fi dacewa da miya ko farfesu, don tsokarsa ba ta saurin dagargajewa, amma shi ma sai miya ta nuna ake sa shi, a girgiza tukunya da hannu, kada a sa muciya ko ludayi. Banda ce ke son doguwar wuta, jan baƙo ba ya so.

Bayan daɗi kuwa akwai hatsari iri biyu, kuma rashin sanin suna da asali shi ke jefa mutum cikinsu. Na farko ya fi kusa da mu, don a jikin taitus da danginsa yake. In ƙanƙara ta narke kifin ya ɗumama, kamar yadda kan faru in wutar lantarki ta ɗauke ta daɗe, sai wani dafi ya taru cikin tsokarsa, ko an sake daskarar da shi, ko an soya shi ƙayau, dafin na nan. Wanda ya ci, kafin sa'a guda sai fuska ta yi ja, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, ciki ya murɗa. Sau da yawa akan ce kifi ne bai karɓi mutum ba, alhali kuwa ajiya ce ta ɓaci. Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira siguwatera, na kifayen murjani. Asalinsa wata ƙwayar gansakuka ce da ido ba ya gani, ƙananan kifaye su ci, manya su cinye ƙanana, dafin ya yi ta taruwa a jikin babba, musamman a hanta da ƙwai da kai da kayan ciki. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, wuta ba ta kashe shi, gishiri da ƙanƙara ma haka. Alamarsa amai da zawo, leɓe da yatsu su yi zugi, mutum ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar wuta. Ya fi yawa a tsibiran Karebiyan da tekun Fasifik da na Indiya, amma tun 2004 an fara samunsa a tsibiran Kanari, daura da gaɓar yammacin Afirka. Saboda haka alhaji ko falken da ya je irin waɗannan wurare ya guji ƙaton barakuda da ƙaton hamur, ya bar kayan ciki, ya kuma tambayi 'yan gari, don su suka san ruwansu. Wanda ya ji alama kuwa ya nufi asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Saura abu ɗaya, shi ne hakkin kifin kansa. Tarwaɗar tafki cikin 'yan watanni take isa ci, amma waɗannan sai sun shekara da yawa kafin su fara haihuwa, wani jan baƙon ma kan kai shekara 50 a duniya. Dangin hamur kuwa da yawansu a mata suke fara rayuwa, sai sun girma sa'an nan su rikiɗe su zama maza, suna kuma taruwa wuri ɗaya lokacin zuba ƙwai, inda masunci marar tausayi kan iya kwashe zuriya guda a dare ɗaya. Harid shi ke kankare gansakukar da ke shaƙe murjani, in an ƙarar da shi gidan kowa ya mutu. Ga kuma zafin teku da ke ƙaruwa, wanda ya sa murjani ya koɗe ya mutu a wurare da yawa na duniya a 1998 da 2016. Ba sai mun je nesa ba. A Senegal akwai farin hamur da ake kira cof, wanda shi ne sarkin shinkafa da kifin nan tasu, cebujen. Darajarsa ta kai an zana shi a bayan takardar sefa 2,000, watau falken Maraɗi na yawo da shi a aljihu bai sani ba. Manyan jiragen kamun kifi da kasuwar Turai sun rage shi, har ya fi ƙarfin tukunyar talaka a Dakar. Mu da muka ga abin da ya sami Tafkin Chadi ba mu bukatar a yi mana dogon bayani a kan ruwan da aka zaci ba ya ƙarewa.

Mai saye a Sabo ba shi da jirgi, ba shi da doka a hannu, amma yana da baki da kuɗinsa. Ya ƙi sayen ɗan ƙaramin da bai isa haihuwa ba, ya ƙi mai ciki cike da ƙwai, ya zaɓi matsakaici, wanda ya fi daɗi ya kuma fi aminci. Ya kuma tambayi mai sayarwa tambayar da iyayenmu ke yi wa kowane baƙo da ya sauka a zaure: mene ne sunanka, daga ina ka fito, yaushe ka baro gida? Da waɗannan tambayoyi uku aka riƙe amanar shanu da goro fiye da shekara ɗari a unguwar nan, ban ga dalilin da zai sa a ɗauke wa kifi su ba.

Daga ƙarshe ina kira ga malamanmu na Hausa a jami'o'i, da 'yan uwanmu masu sana'ar kifi a Ikko da Fatakwal da Kwatano da Ankara, su haɗa kai su tattara sunayen da bakin kasuwa ya riga ya raɗa wa kifayen nan, inda babu kuwa a raɗa. Harshen da ya iya bambanta kurungu da ragon ruwa ba zai gaza a bakin teku ba. Allah Ya ciyar da mu halal mai amfani, Ya kuma bar wa jikokinmu rabonsu a gulbi da teku, amin.